Rijistar aiki: kwashe memorin kwamfutar da ke sandarewa cikin dare, Gombe

Litinin, 6 ga Janairu, 2025

Saba (server, babbar kwamfutar da wasu ke aiki ta kanta) ɗaya ce a ofishin wani dilan taki da irin shuka a cikin garin Gombe, kuma ta kanta rassansa na Kumo, Bajoga da Billiri ke shigar da ciniki. Tana ɗauke da Ubuntu 22.04 da memori gigabait 64, sannan manhajojin KVM da libvirt ne ke riƙe da wasu kwamfutoci biyu a cikinta. A wannan rijista sabar za mu riƙa ce mata mai masauki, kwamfutocin da ke cikinta kuma baƙi. Baƙuwa ta farko sunanta ciniki: Ubuntu 22.04, kanel 5.15 (kanel shi ne zuciyar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta), memori gigabait 16, faifanta a kan LVM, tana gudanar da rumbun bayanai na PostgreSQL da manhajar sayarwa. Ta biyu Windows Server ce ta masu lissafi. Ciniki ce mai ciwon.

Tun watan Disamba, kusan sau ɗaya a sati, ma'aikata kan iso da safe su tarar manhajar ba ta buɗuwa. Baƙuwar tana amsa ping, saƙon gwada ko kwamfuta na raye. SSH, hanyar shiga daga nesa, yana karɓar kalmar sirri, daga nan sai ya tsaya cik. A allonta akwai layukan kanel da ke cewa aiki kaza ya wuce daƙiƙa 120 a toshe, amma sunaye kawai, babu bayanin inda ya toshe. In an kashe an kunna sai ta tashi garau, a duba journal, rijistar da take rubutawa a faifai, a ga rubutu ya yanke wajen ƙarfe 2 na dare, daidai lokacin da pg_dump, mai kwafe rumbun bayanai don ajiya, ke tashi. Shi ya sa kowa ya ɗora wa pg_dump laifi, ana cewa yana cinye memori.

Tunda ba ta iya rubuta abin da ke damunta a faifai, shaidar tana memori, kuma kowace kashewa share ta take yi. Manufar aikin ita ce a kwashe memorin gaba ɗaya daga waje, ta hannun mai masauki, a lokacin da take sandare. Ba mu zaɓi kdump, mai kwashe memori daga cikin baƙuwa, ba saboda sai an kashe kanel tukuna yake aiki, kuma yana son rubutu a faifan da shi kansa muke zargi.

Talata, 7 ga Janairu

An kwafi ciniki aka yi baƙuwa ta uku mai suna gwaji, aka cire mata hanyar sadarwa da rassa. Duk wani gwaji a kanta za a fara.

Gwajin farko ya lalace. An buga umarnin libvirt virsh dump gwaji /var/tmp/gwaji.dump ba tare da wani ƙari ba. Fayil ya fito, amma crash, manhajar karanta kwafin memori, ya ƙi buɗe shi. Dalili: in ba a sa --memory-only ba, libvirt yana rubuta fayil ɗin ne da tsarin da QEMU, manhajar da ke gudanar da baƙin, ke amfani da shi wajen ƙaurar da baƙuwa daga wannan saba zuwa waccan, memori da yanayin na'urori duk a cakuɗe. Da --memory-only kuwa QEMU ne ke kiran dump-guest-memory, ya ba da fayil irin ELF mai memori tsantsa da rajistocin kowace furosesa. Umarnin da za a riƙe:

virsh dump gwaji /hanya/gwaji.elf --memory-only --format elf --bypass-cache --verbose

Amfanin --bypass-cache shi ne kada gigabait 16 su bi ta ma'ajiyar wucin gadin mai masauki su kori abin da sauran baƙi ke amfani da shi.

Sai kuskure na biyu. Ɓangaren / na mai masauki gigabait 40 ne kacal, fayil biyu suka cika shi har sai da aka goge da gaggawa. Girman ELF daidai yake da memorin da aka ware wa baƙuwa, da ɗan ƙari, ko da rabinsa fanko ne. Da a ce faifan baƙin qcow2 ne a wannan ɓangaren, da duk sun tsaya tare.

Alhamis, 9 ga Janairu

Ciniki ta sandare. Kafin kira ya iso gare mu, an riga an kashe ta an kunna, don motar taki na jira a Kumo. Ba laifin kowa ba ne, ba a gaya musu ba. An manna takarda a jikin sabar: in ta tsaya a kira, a ba mu minti goma.

Juma'a, 10 ga Janairu

Neman wurin ajiye kwafi. Akwai wani faifan USB mai terabait ɗaya a ofishin, aka gwada. Kwafin ya mutu daidai gigabait 4, saboda FAT32 ne a kansa, kuma FAT32 ba ya ɗaukar fayil da ya kai haka. An mayar da shi ext4 ya karɓa, sai dai an jona shi a ramin USB 2.0 na gaban sabar, ya ci minti takwas da ɗoriya. A ramin baya mai launin shuɗi, minti biyu da daƙiƙa 40.

Wannan lokaci ba wasa ba ne, domin duk tsawonsa baƙuwar a tsaye take. An yi zaton --live zai hana haka. Bai hana ba: in dai --memory-only ne, QEMU da kansa yake dakatar da furosesoshin baƙuwa kafin ya fara, ya sake su in ya gama. Ga baƙuwar da ta riga ta sandare wannan ba wata asara ba ce, amma minti goma kawai muka roƙa.

An sayo SSD na SATA mai terabait ɗaya, naira 98,000, da waya da mariƙinsa, naira 6,500.

Litinin, 13 ga Janairu

An ɗaura SSD. Kafin a zuba komai an rufe shi da LUKS, mai ɓoye bayanan faifai da kalmar sirri, domin kwafin memori yana ɗauke da duk abin da ke buɗe a lokacin: kalmomin sirri, makullan TLS, sunaye da lambobin wayar masu saye da ke cikin ma'ajiyar PostgreSQL. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta shafi irin wannan fayil kamar yadda ta shafi rumbun bayanan kansa. An haɗa shi a /srv/kwafi.

An auna tsawon tsayuwa a kan gwaji, bayan an cika mata memori da aiki irin na rana. ELF zuwa SSD ya ci daƙiƙa 48. Tsarin kdump-zlib ya ci minti huɗu da rabi, fayil ɗin ya sauko gigabait 5 da ɗan abu. Matsewar ce ke jan lokaci, don a zare ɗaya QEMU ke yin ta alhali baƙuwa na jira. Hukuncinmu: a kwashe da ELF cikin sauri, a saki baƙuwa, a matse daga baya a tsanake. Wanda ba shi da wuri ne kawai zai zaɓi zlib, kuma ya sani fayil ɗin da QEMU ke bayarwa ta wannan hanya a jere yake fitowa kamar yadda aka zuba shi, sai an gyara masa zama da makedumpfile -R kafin crash ya riƙa karanta shi da sauri. Don ganin tsare-tsaren da QEMU ɗinka ya iya, tambaye shi query-dump-guest-memory-capability. Ana ganin inda aiki ya kai da virsh domjobinfo daga wata taga.

An kuma gwada kiran dump-guest-memory kai tsaye ta virsh qemu-monitor-command. AppArmor, tsarin tsaron mai masauki, ya hana, tunda a nan QEMU ne ke ƙoƙarin buɗe fayil da kansa, ba libvirt ya buɗe ya miƙa masa ba. Babu dalilin bin wannan hanyar.

Wani abu da ba a zata ba: bayan kowace tsayuwa agogon baƙuwa yana komawa baya da adadin daƙiƙun da ta tsaya. A wurin da rasit ke ɗauke da lokaci wannan matsala ce. virsh domtime gwaji --now yana daidaita shi nan take, in qemu-guest-agent, wakilin da ke karɓar umarnin mai masauki, na aiki a ciki.

Laraba, 15 ga Janairu

Alamomin kanel. crash ba ya fahimtar komai a cikin kwafi sai da vmlinux mai cikakken bayanin sunaye da sifofi, wanda Ubuntu ke ajiyewa daban a ddebs.ubuntu.com. An sa ubuntu-dbgsym-keyring, an ƙara ma'ajiyar, an sauke linux-image na kanel ɗin gwaji mai ƙarshen dbgsym. Kusan gigabait guda ne, ya katse sau biyu, sai da aka koma wget -c. Fayil ɗin yana sauka a /usr/lib/debug/boot. crash ya buɗe kwafin gwaji lafiya. Data naira 6,000.

Alhamis, 16 ga Janairu

Abu biyu aka ƙara a XML na baƙin.

Na farko vmcoreinfo state='on' a ƙarƙashin features. Kanel na yanzu ba ya zama a adireshi ɗaya, duk tashi sai ya sauya wuri saboda tsaro, abin da ake kira KASLR. Wannan na'ura ce ke ba kanel damar gaya wa QEMU inda ya zauna, QEMU kuma ya rubuta a cikin kwafi. Sai qemu_fw_cfg ya bayyana a lsmod na baƙuwa. Ana tabbatarwa da readelf -n a kan fayil ɗin, a nemi VMCOREINFO.

Na biyu, an sa ƙofar siriyal ta riƙa zuba duk abin da kanel ya faɗa a wani fayil a wajen mai masauki, da console=ttyS0 a layin GRUB. An kuma ɗaga kernel.printk daga 4 zuwa 7. Wannan ne ya bayyana dalilin da allo ke nuna sunaye kawai: layin farko na ƙorafin yana matakin kuskure, jerin inda aikin ya toshe kuma yana matakin bayani, wanda 4 ke ɓoyewa.

Sabuwar na'ura ba ta shiga da sake kunnawa daga ciki. Sai an kashe baƙuwa gaba ɗaya an tayar. An yi wa gwaji. Ciniki an bar ta sai Lahadi.

Asabar, 18 ga Janairu

Ba ta jira Lahadi ba. An kira ƙarfe 7:30, kuma ba a taɓa ta ba.

Abin da aka yi bi da bi: virsh screenshot don ajiye allon. virsh send-key ciniki KEY_LEFTALT KEY_SYSRQ KEY_W don kanel ya jero ayyukan da suka toshe a cikin rijistarsa ta memori. Sai kwafin ELF da ƙarfe 7:45, daƙiƙa 51. Sai sha256sum. Sai virsh destroy da virsh start, wanda ya sa sabon XML ya shiga. Rassa sun dawo aiki kafin 8. Fayil ɗin na root ne, izini 600, an bar shi haka.

Litinin, 20 ga Janairu

crash ya ce vmlinux da kwafin ba su dace ba, ya fita. Kuskurenmu ne. Ranar da ake saka ddebs an sabunta gwaji, ta tashi da sabon kanel, kuma alamominsa aka sauke. Ciniki kuwa tana kan wanda ta tashi da shi ranar 9. Duka 5.15.0 ne, lambar da ke biye ce ta bambanta, kuma wannan ya isa. Da a ce crash ya yi shiru ya karɓa da abin ya fi muni, don adireshi zai riƙa fassarawa da sunan da ba nasa ba.

Hanyar sanin ainihin kanel daga kwafin kansa: strings, umarnin da ke tsamo rubutu, a kan fayil ɗin, a tace da "Linux version". Ya ɗauki lokaci amma ya fito.

Tunda strings na hannu, an tace da "blocked for more than". Rijistar kanel rubutu ce tsantsa a memori, don haka ta fito ko babu alamomi. Ƙorafi goma ne cif, saboda kernel.hung_task_warnings a 10 yake, daga nan kanel ya yi shiru. A kusa da su sunan percpu_rwsem_wait yana ta maimaituwa. Wannan ba alamar ƙarewar memori ba ce, kuma ba jiran faifai ba ne. Jiran kwaɗo ne, wato kullen da kanel ke sa wa abu don ayyuka su jira. Ba a yanke hukunci ba sai alamomi sun zo.

Laraba, 22 ga Janairu

Alamomin kanel ɗin ranar 9 an samo su a Launchpad, inda ake gina manhajojin Ubuntu, a shafin ginin wannan sigar. Wani gigabait, wata naira 6,000. Ba a girka ba, an warware da dpkg -x a cikin /srv/kwafi don kada ya cakuɗe da na farko.

crash ya buɗe, duk da babu VMCOREINFO a wannan kwafin, domin ya iya lissafa inda kanel ya zauna daga rajistocin furosesa da QEMU ya ajiye. makedumpfile kuwa ya kasa tace shi. An haƙura an matse kwafi na biyu da zstd don ajiya.

Alhamis, 23 ga Janairu

Ranar da aka karanta kwafin.

kmem -i ya fara wanke pg_dump: akwai sama da gigabait 6 da ba a taɓa ba, swap ba a shige shi ba, babu alamar mai kashe ayyuka saboda ƙarancin memori a log. bt -a ya nuna furosesoshinta huɗu duk a zaune suke, ba su da aikin yi. dev -d ya nuna babu buƙata ko ɗaya da ke layin faifai. Wato faifai bai ƙi amsawa ba, ba a ma aika masa komai ba.

ps ya nuna ayyuka 61 a yanayin UN, barcin da sigina ba ya tayarwa. foreach UN bt ya jero inda kowanne ya tsaya, kuma kusan duk hanya ɗaya suka biyo: daga vfs_write ko mnt_want_write, zuwa __percpu_down_read, zuwa percpu_rwsem_wait, zuwa schedule. Akwai postgres da yawa, akwai systemd-journal, akwai sshd na waɗanda suka yi ƙoƙarin shiga da safe. Shi kansa pg_dump yana cikinsu, ya toshe tun wajen buɗe fayil ɗin da zai rubuta, bai fitar da ko layi ɗaya ba. ps -m ya nuna mafi daɗewarsu ya yi awa biyar da minti 44 a haka, wanda ya kai mu ƙarfe 2 da ɗan motsi.

Kwaɗon da vfs_write ke nema kafin ya rubuta na tsarin fayil ne gaba ɗaya, kuma abu ɗaya ke rufe shi: daskarar da tsarin fayil. mount a cikin crash ya ba da adireshin super_block na /, aka buga struct super_block.s_writers da wannan adireshin. frozen = 4. A kanel 5.15, sifili na nufin a sake, 4 na nufin an gama daskarewa. An daskarar da faifan da gangan, ba a dawo an narkar ba.

Yanzu alamomin ciwon duk sun zauna. Ping baya buƙatar faifai. Karatu yana tafiya, rubutu ne kawai ya tsaya. SSH yana wuce kalmar sirri, ya zo rubuta shigar mutum a /var/log ya maƙale. Journal ba zai iya ba da labari ba tunda shi ma yana layi.

Abin da kwafin bai faɗa ba shi ne wa ya daskarar. Wanda ya rufe wannan kwaɗo ba ya zama a cikin kanel yana riƙe da shi, komawarsa yake yi, don haka babu wani aiki da za a nuna a ce shi ne. Masu iya yin hakan kaɗan ne: umarnin fsfreeze, LVM na cikin baƙuwa, ko qemu-guest-agent. An koma journal na daren 18, sai ga layin qemu-ga mai cewa guest-fsfreeze called, dab da inda rubutu ya yanke. Tun Disamba yake wurin. Ba wanda ya kula shi, don yana fitowa har a dararen da ba a sami matsala ba.

Juma'a, 24 ga Janairu

Agent ba ya daskarewa don kansa, daga mai masauki ake ba shi umarni. A /etc/cron.d na mai masauki, inda cron ke ajiye ayyukan da ke tashi kan lokaci, aka sami wani tsohon sikirif na ajiyar ko-ta-kwana da aka gada, yana tashi ƙarfe 2 na daren wayewar Talata, Alhamis da Asabar. Ranakun 9 da 18 sun faɗa ciki. Tsarinsa: set -e a sama, wanda ke tsayar da sikirif da zarar umarni ya faɗi, ya goge hoton LVM na baya (kwafin yanayin faifai a wani lokaci), ya kira virsh domfsfreeze, ya ɗauki sabon hoto da lvcreate -s, ya yi mkdir a /mnt/ajiya, sannan virsh domfsthaw, sannan kwafi.

Matsalar tana wurin mkdir. /mnt/ajiya babban faifan waje ne mai nasa adafta, kuma a Disamba an zare shi daga layin inbata an mayar soket ɗin bango don a sami wurin wata firinta. Duk daren da babu wuta ƙarfe 2, faifan ba ya nan, mkdir ya faɗi, set -e ya kashe sikirif ɗin layi ɗaya kafin narkarwa. Saƙon kuskuren cron ya yi ta zubarwa, tunda babu manhajar aika wasiƙa a sabar. A Windows, VSS, mai daskarar da faifai a can, yana sakin faifai da kansa bayan daƙiƙa 10. A Linux babu wannan, sai an zo an narkar.

Litinin, 27 ga Janairu

An maimaita ciwon a kan gwaji: domfsfreeze, aka jira minti biyar. Komai iri ɗaya, kuma wannan karon fayil ɗin siriyal ya kama ƙorafin da cikakken jerinsa. Da wannan fayil yana nan tun farko, da wataƙila percpu_rwsem_wait ya nuna hanya ba tare da gigabait 16 ba. virsh domfsthaw gwaji ya sake ta nan take, PostgreSQL ya ci gaba daga inda ya tsaya. Ke nan duk kashe-kashen da aka yi tun Disamba, da haɗarin da ke cikinsu ga rumbun bayanai, umarni ɗaya ne maganinsu.

A lura: in tsarin fayil a daskare yake, agent yana ƙin yawancin umarni, har da domtime. Amma yana amsa guest-fsfreeze-status ta virsh qemu-agent-command, ya ce frozen ko thawed.

Gyaran sikirif. Binciken faifai ya koma sama, kafin a taɓa baƙuwa. mountpoint -q bai wadatar ba, saboda wurin automount ne, yana cewa eh ko faifan ba ya nan, don haka ana neman wani ƙaramin fayil da aka ajiye a cikin faifan. Tsakanin daskarewa da narkarwa lvcreate kaɗai ya rage. An sa trap a kan EXIT mai kiran domfsthaw duk lokacin da sikirif zai fita, kuma kiransa sau biyu ba ya cutarwa. Tunda trap ba ya aiki in an kashe da sigina 9, an ƙara mai gadi a cron duk minti biyar: in ya ga frozen sau biyu a jere, ya narkar, ya rubuta a rijista. Faifan ya koma layin inbata da sabuwar igiyar soket, naira 8,500.

Alhamis, 30 ga Janairu

Shirin kwafi na kai-da-kai, don wani ciwon na gaba da ba wannan ba. An ƙara panic model='isa' a na'urori (ita ce pvpanic, mai sanar da mai masauki in kanel ya faɗi), on_crash ya koma coredump-restart, auto_dump_path a /etc/libvirt/qemu.conf ya koma /srv/kwafi. An gwada a gwaji da echo c zuwa /proc/sysrq-trigger: kanel ya faɗi, pvpanic ya sanar, libvirt ya kwashe, baƙuwa ta tashi, duka cikin minti biyu. Sabon kwafin yana da VMCOREINFO, kuma makedumpfile -d 31 ya sauko da shi ƙasa da megabait 500. Lambar 31 jimillar 1, 2, 4, 8 da 16 ce: shafukan sifili, ma'ajiyar fayiloli iri biyu, memorin manhajoji, da shafukan da ba kowa a kai. Ya isa binciken kanel, kuma shi ya fi dacewa a tura wa wani, amma in ciwon na cikin PostgreSQL ne to 8 ɗin ta zubar da shaidar.

Wanda ke da kdump a kunne cikin baƙuwa ya sani kanel zai tsallaka can kafin pvpanic ya yi magana, sai in an sa crash_kexec_post_notifiers.

An yi muhawara a kan kernel.hung_task_panic, wanda ke kayar da kanel in aiki ya daɗe a toshe. In aka kunna shi da daƙiƙa 120, zai kashe baƙuwa kafin mai gadi ya narkar, kuma faifai mai jinkiri ma kan iya tayar da shi. An kunna, amma an ɗaga hung_task_timeout_secs zuwa 900. Agogon tsaro na i6300esb, wanda ke tashi in wata manhaja a cikin baƙuwa ta daina shafa shi, an bar shi, domin a irin wannan ciwon mai shafa shi zai ci gaba da shafawa, ba zai taɓa tashi ba.

Haɗari ɗaya ya rage: in mai masauki ya sake tashi ba a buɗe LUKS ba, kwafi zai zuba a /. An sa chattr +i a kan babban fayil ɗin /srv/kwafi yana fanko, don rubutu ya faɗi in SSD ba ya kai.

Talata, 4 ga Fabrairu

Gwajin baƙuwar Windows bayan an tashi aiki. --format win-dmp ya ƙi, saboda ban da vmcoreinfo yana buƙatar direban fwcfg daga faifan virtio-win a cikin baƙuwar. An saka, an kashe an tayar, ya yi. WinDbg ya buɗe fayil ɗin, !analyze -v ya gudana. In babu direban, akwai elf2dmp na QEMU mai juya ELF, amma sai da intanet don yana sauko da alamomi daga Microsoft. virsh inject-nmi kuma shuɗin allo yake jawowa mai lamba 0x80, Windows ta rubuta MEMORY.DMP da kanta. Wannan na ƙarshe ba a gwada a kan ta masu lissafi ba.

Asabar, 8 ga Fabrairu

An zare faifan ajiya da gangan a daren jiya. Sikirif ya fita kafin daskarewa, ya bar saƙo. Ciniki ta kwana lafiya.

Talata, 18 ga Fabrairu

Shiru. Mai gadi bai narkar da komai ba. An goge kwafin 18 ga Janairu da matsattsen ɗan'uwansa, an bar rubutun da crash ya fitar kawai.

Litinin, 24 ga Fabrairu

Sati biyar ke nan babu sandarewa. Kuɗin da aka kashe: SSD 98,000, waya da mariƙi 6,500, data 12,000, igiyar soket 8,500, jimilla naira 125,000.

Abin da ya rage kafin azumi. A rubuta ɗan sikirif da zai sauke dbgsym na duk kanel ɗin da ciniki ta tashi da shi, a ajiye biyu na ƙarshe. A sa wani abu da zai goge tsofaffin kwafi a /srv/kwafi, don libvirt ba ya gogewa, kuma baƙuwar da ke faɗuwa tana tashi za ta cika terabait a kwafi sittin. A taƙaita matakan ranar 18 a shafi ɗaya a manna kusa da sabar, da tambayar guest-fsfreeze-status a layin farko. A gwada drgn, wata manhajar bincike irin crash, a kan kwafin 30 ga Janairu. Maganar komawa Ubuntu 24.04 da kanel 6.8 an ɗage ta sai bayan sallah, kuma kafin nan sai an tabbatar crash ɗin da ke hannu yana karanta wannan kanel, in ba haka ba a gina sabo daga tushe. Fankar ɗakin sabar ma tana ƙara, a canja ta kafin zafin Maris ya kankama.